Waya da kalkuleta sun ishi ɗan kasuwa? Muhawara a zauren fataken arewacin Kamaru

Alhaji mai kayan babur, Garwa: Salamu alaikum jama'a. Yaron wajena ya ci bak, jarrabawar gama sakandare, bana, wai jami'ar Marwa zai tafi ya karanta Sinanci don ya yi kasuwar ƙasa da ƙasa. Na ce masa ɓata shekaru ne. Tun yana goye nake zuwa Guangzhou a ƙasar Sin, ko gaisuwarsu ban iya ba, kuma kwantenata ba ta taɓa maƙalewa saboda yare ba. In buga farashi a kalkuleta, mai shago ya goge ya buga nasa, har mu daidaita. Yanzu ma ga waya, ka yi mata magana ta juya maka. Jari da amana da sanin kaya su ne kasuwa. Yare kuwa hayarsa ake yi.

Mai fiton kaya, Ngaundere: Wa alaikumus salam, ranka ya daɗe. Kwantenarka ba ta maƙale ba saboda irinmu ne ke karanta maka takardunta. Rasidin kaya da takardar lodin jirgi da Turanci suke zuwa daga Sin. A Duwala da Faransanci muke cike takardun duwan, wato kwastan. Idan kayan na Chadi ne, su hau jirgin ƙasa zuwa nan, mu ɗora wa tirela ta bi Garwa, Marwa, Kusuri, ta haye gadar Ngeli zuwa Njamena, can kuma jami'in da zai tare direba Larabci zai yi masa. Na ga mutumin da ya sa hannu a farashin FOB yana zaton har Duwala za a kawo masa, alhali a wannan sharaɗin mai sayarwa ya fita da zarar kaya sun hau jirgi a tasharsu. Kuɗin jirgi da inshora duk suka dawo wuyansa, ribar tafiyar ta tafi. Kalkuleta ba ta nuna wannan.

Alhaji mai kayan babur: To ai ka faɗa da bakinka, ɗana. Ina biyanka ka karanta. Don me zan koya?

Hajiya mai lafaya da turare, Kusuri: Alhaji, ni tafintan ne ma abin tsorona. Kai ka biya shi kuɗin yini, masana'anta kuma ta ba shi la'ada a kan kowane kwali, duk a gabanka ake ƙulla maganar kana murmushi. An yi mini, sai da wata 'yar Sudan ta nuna mini rasidinta na kaya iri ɗaya na gane. Abin da ya cece ni Larabcin da na tashi da shi a nan bakin kogin Logon. A Yiwu, birnin sarin kaya na Sin, akwai Musulmin ƙasar da suka yi karatun Larabci suna tafinta, akwai Larabawan Yaman da Masar masu ofisoshin tura kaya. Larabcinmu na Chadi ba irin nasu ba ne, amma muna fahimtar juna, kuma ranar da kaya suka zo da matsala ina ɗaga waya in yi faɗana da kaina. Faɗa ta manhajar fassara ba ya tsorata kowa.

Autan zaure, Garwa: Hajiya wallahi gaskiya ne. Amma ni a ganina Baba Alhaji ya yi rabin daidai, Sinancin ne kuskure. Turanci ya kamata. Masu sayarwa a baje kolin Kanton, wanda ake yi a Guangzhou sau biyu a shekara, da Turanci suke karɓar baƙi. A Dubai yawancin masu tsaron shago 'yan Indiya da Pakistan ne, Turanci za ka yi da su. Mai sayen riɗi daga Turkiyya ma haka. Gabon da Togo da Faransa ta yi wa mulkin mallaka sun shiga ƙungiyar Kwamanwel a 2022, ba don sha'awa ba. Mu kuwa Turanci harshen gwamnatinmu ne na biyu, amma yaro ya gama lise, wato sakandare, bai iya rubuta saƙo layi uku ba. Ga Najeriya a ƙofar gida.

Alhaji mai kayan babur: Najeriya? Daga Mubi har Kano da Hausata nake ciniki.

Autan zaure: Har Kano, Baba. Gangara Legas ko Onica ka gani.

Malamin lise, Marwa: Ku bari in raba maganar gida biyu, don kun cakuɗa ta. Alhaji mai jari ne. Mai jari yana iya hayar baki da kunne, ko da ana cin wani abu a kansa. Yaron da ya fito makaranta ba shi da jari, abin da ke kansa shi zai sayar. Kuma kamfanonin Sin ba baƙi ba ne a nan: su suka gina madatsar ruwa ta Lagdo da aka gama a 1982, su suka gina tashar jiragen ruwa ta Kiribi da ta fara aiki a 2018, matatar mai ta Jarmaya kusa da Njamena da aka buɗe a 2011 haɗin gwiwa ce da kamfanin mai na Sin. Duk inda suka kafa aiki suna neman ɗan ƙasa mai jin bakinsu. Sai dai ina goyon bayan Alhaji a abu ɗaya. Yare tsurarsa ba ya kai mutum nesa. Wanda ya iya Sinanci kawai zai ƙare yana bin injiniya da lema, kuma shi ne na farko da waya za ta ƙwace wa aiki. Wanda ya haɗa shi da akanta ko dokar kasuwanci ko harkar fito shi ne ake zaunarwa a teburin yarjejeniya.

Mai fiton kaya: Malam, ka ƙara musu da cewa kada zumuɗin Turanci ya sa a raina Faransanci. Kamaru da Chadi suna cikin ƙasashe 17 masu bin dokar kasuwanci ta bai ɗaya da ake kira OHADA, kuma idan fassarori suka saɓa, ta Faransanci ake bi. Ƙasashe shida na CEMAC, ƙungiyar tattalin arzikin Afirka ta Tsakiya, sefa ɗaya muke kashewa. Ɗan Kano da ya zo bin bashinsa kotun Garwa sai ya nemi mai Faransanci, mu kuwa da shi muka tashi. Ba ƙaramin jari ba ne, don dai a hannunmu yake ne ba ma ganinsa.

Hajiya mai lafaya da turare: Kuma kada ku manta Fulatanci. Albasar Marwa da shanun da ake korawa Najeriya ba da Turanci ake sayensu ba.

Alhaji mai kayan babur: Na ji ku duka, Allah ya saka. Turanci na yarda, ya yi shi da yamma a nan Garwa bayan mun rufe shago. Amma shekara uku a Marwa kan Sinanci, shago babu kowa? Wanda ya ce haka ya zo ya zauna mini.

Malamin lise: Alhaji, rubutun Sinanci ba a koyonsa da yamma, sai an haddace dubban alamomi kafin a karanta takardar yarjejeniya. In dai don ciniki da baki ne, ka tafi da shi tafiyarka mai zuwa, ka bar shi wata shida wurin wani ɗan gida da ke zaune a can.

Alhaji mai kayan babur: Bizar wata shida wa zai samo masa?

Autan zaure: Ta ɗalibi ake nema, Baba. Sai an yi masa rajista a makarantar koyon Sinanci a can kafin su bayar.