Fin da bushin na ƙofar Beetle: in yi oda daga waje ko a feƙe min a nan Jos?

Baban Ummi: Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema kafin Asabar. Ina tayar da Volkswagen Beetle ɗin mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, ta 1977 ce, irin waɗanda aka harhaɗa a Legas. Inji ya tashi, saura jiki da fenti. To ƙofar direba ta sauka, sai an ɗaga ta kafin ta rufu, har ta fara gogar ƙarfen ƙasa. Fanabita ya ce in nemo fin da bushin na hinji, wato sandar ƙarfen da ƙofa ke juyawa a kanta da zoben da take zama a ciki, in ba a samu ba zai yanke hinjin ya yi waldar wani. Na zaga Dilimi, kowa sai ya miƙo min na wata mota ya ce zai shiga. A intanet na gani, amma kaurinsu ba ɗaya ba ne, wani ma da zaren noti a kansa. Don Allah wanda ya taɓa wannan aiki da hannunsa ya faɗa min: in yi oda, ko in kai a feƙe min, ko in bar shi ya yanke? Ƙofar ta asali ce, ba na son a ɓata ta.

Ɗan Gangare: Wa'alaikumussalam. Allah ya jiƙan Baba. Je ka Farin Gada ka ce a ba ka na Fijo 504, cike yake. Ni shi na sa wa tawa, lafiya lau.

Baban Ummi: Amin, na gode. Amma Beetle na ce ɗan'uwa, ba Fijo ba.

Ɗan Gangare: Fin ai fin ne.

Oga Makaniki Bukuru: Fin ba fin ba ne, ƙanena. Baban Ummi, saurara. Da farko hinjin Beetle ba shi da bushin tun daga kamfani, ƙarfe ne a kan ƙarfe. Fanabitanka ya saba da wasu motocin ne. Fin ɗin asali kaurinsa wajen milimita 8 ne. Idan ya ci, ramin ma ya ci, shi ya sa ake yin masu ɗan ƙarin kauri mataki-mataki. Sai a gyara ramin ya koma zagaye sosai, a sa wanda ya yi daidai da shi. Mai zaren noti a kai kuma na tsofaffin motocin Jamus ne, 1967 zuwa baya, lokacin da madubin gefe yake zama a kan hinjin sama. In madubinka a jikin ƙofa yake, ba naka ba ne. Kada ka sayi komai sai an cire tsohon an auna shi, an auna ramin. Kuma daga ƙasa ake turo shi sama, don akwai haƙora a ƙarƙashin kansa da suke riƙe shi.

Hajiya Mai Marsandi: Ni dai abu ɗaya zan ce, kada ka bari a kawo wuta kusa da ƙofar nan. Marsandi 200 ɗin maigidana, wadda ya bar wa yara, haka aka ce mana ƙofar baya ta sauka, aikin awa ɗaya ne. Na bar ta a wani gareji a Apo na tafi ofis. Da na dawo yamma, wallahi sai da na zauna a kan benci don ƙafafuna sun kasa ɗaukata. Fin ya ƙi fita, sai yaron ya kunna gas ya gasa hinjin har fenti ya ƙone, robar ƙofa ta narke, sannan suka bi shi da guduma har ginshiƙin ya lotsa. Da abin ya gagare su sai suka yanke, suka liƙa hinjin wata mota da walda, a karkace. Ogansu ya ce wai dama motar ta tsufa. Na ce tsufanta na kawo maka ko ƙofarta? Aka tara min mutane ana ba ni haƙuri, ƙarshe ni na biya kuɗin fenti. Yau in ana ruwa sai na sa tsumma a kujerar baya, in na hau titin filin jirgi iska tana fito ta gefen gilas. Maigidana ya riƙe motar nan shekara da shekaru ko ƙwarzane babu. Duk ranar da na buɗe ƙofar sai raina ya ɓaci.

Baban Ummi: Subhanallahi. Hajiya, Allah ya mayar da alheri. Kin ƙara min tsoro.

Sarkin Zolaya: Hajiya ai gara ke, ƙofarki tana buɗuwa. Tasin da na shiga jiya daga Terminus, igiya direba ya miƙo min ya ce in riƙe ƙofar, kuma bai rage min kuɗin mota ba.

Hajiya Mai Marsandi: Kai dai ba ka da dama. Amma ni ba abin dariya ba ne a wurina.

Injiniya Gwarimpa: Kash, Hajiya. Akwai ɗan ƙarfen matsi da ake yi musamman don turo fin ɗin Beetle ba tare da duka ba, ka ɗaura shi a hinji ka riƙa ɗaure noti yana tura shi a hankali. Da irinsa aka yi miki da ba a kai ga wuta ba. Baban Ummi, ka yi oda kawai. An ci gaba da ƙera Beetle a Meziko har 2003, don haka kayanta ba su yanke a duniya ba. Ni guda huɗu na sayo wa tawa, da kuɗin kawowa ya tasar min wajen dubu arba'in da biyar.

Ɗan Gangare: Dubu arba'in da biyar a kan ƙusa huɗu? Mai injin feƙe ƙarfe a Dilimi dubu uku ya yi min biyu.

Abu Rikkos: Yaushe rabonka da Dilimi? Watan jiya dubu takwas aka ce min guda ɗaya, kuma ni zan kawo ƙarfen. Suna cewa man janareta.

Oga Makaniki Bukuru: Feƙewa ba laifi ba ne in an sami mai hannu, matsalar ƙarfen da za a feƙe. In ba ka sa ido sosai ba, rodin gini za su yanka maka, kafin damina ta fita ƙofa ta sake sauka. Mu da ƙafar tsohon bawul ɗin injin Beetle muke yi, ita ma wajen milimita 8 ce, ga ƙarfi.

Injiniya Gwarimpa: Oga, da girmamawa, nan ban yarda ba. Kai ka ce ramin ya ci. Bawul bai fi fin ɗin asali kauri ba, to me zai cike gurbin? Kuma ba shi da haƙoran da za su riƙe shi, zai riƙa juyawa inda bai kamata ba, ya ƙara cinye hinjin.

Oga Makaniki Bukuru: Injiniya, kai a waya ka karanta. Ni tun ana kawo motocin nan sababbi daga Legas nake ƙarƙashinsu. In rami ya buɗe da yawa, ana faɗaɗa shi a dasa masa bushin na tagulla, sai bawul ya zauna daram. Tagullar ce za ta ci, ba hinjin ba.

Injiniya Gwarimpa: Ba a waya kaɗai ba Oga, tawa tana ƙofar gida. Kuma naman hinjin nan ba shi da kaurin da za a yi ta faɗaɗawa.

Abu Rikkos: Ku yi haƙuri, duk ku biyun babu wanda ya ga motar. Baban Ummi, buɗe ƙofar kaɗan, ka kama ƙarshenta ka ɗaga, wani ya zuba wa hinjin ido. In rabi biyun hinjin ne ke motsi tsakaninsu, fin ne. In hinjin gaba ɗaya yake motsi da ginshiƙi, ko dai manyan sukurorin da suka riƙe shi sun saki, ko tsatsa ta ci gindin ginshiƙin. Beetle ta yi suna da ruɓewa a nan wurin, balle wadda ta sha ruwan Jos a tsakar gida. Tawa haka ta yi, na sayi fin a banza.

Baban Ummi: Malam Abu, na gwada yanzu da ƙanena. Na sama tsakaninsa yake motsi, na ƙasa kuma kamar duka biyun. To yanzu da wanne zan fara?

Ɗan Gangare: Ka nemi ƙofa sukutum kawai. Akwai wata Beetle da ta daɗe a yashe a wani kango ta wajen Nasarawa Gwom.

Abu Rikkos: Babu ita. 'Yan gwangwan sun sare ta tun bara, a kilo aka sayar. Na je da kuɗina ina roƙon a bar min ƙofofi da murfin inji, kafin in iso har an daddatsa an loda a tirela.

Oga Makaniki Bukuru: Wannan shi ne abin da ke ci min rai. Da in ka shiga Farin Gada ko Panteka a Kaduna, mota guda za ka tarar ana cire mata kaya a hankali shekara da shekaru. Yanzu magada suna raba gado, washegari an kira mai sikeli. Land Rover na zamanin haƙar kuza nawa aka narkar a garin nan? Su kuma jikinsu alminiyon ne, shi ya sa ake rububinsu.

Hajiya Mai Marsandi: Ni har gida suke biyo ni. Duk sati sai wani ya ƙwanƙwasa get ya ce Hajiya nawa za ki bar mana wannan condo, wato matacciyar mota. Mota tana tafiya da ƙafarta ake ce mata haka.

Sarkin Zolaya: Hajiya a sayar min da tsumman kujerar baya, tasinmu na buƙata.

Injiniya Gwarimpa: Ba su kaɗai ba ne da laifi. Yaran gareji ma suna kwance kaya da dare su kai musu. Ni a wani gareji aka sauya min murfin tanki na asali da na roba.

Baban Ummi: Jama'a, fanabita ya sake kira. Ya ce in ban kawo komai ba ranar Asabar zai fitar da ita waje don yana da wata motar. Oga na Bukuru, kana da wannan ƙarfen matsin da Injiniya ya faɗa, ko ka san mai shi?

Abu Rikkos: In zai fitar da ita waje, ka fara kwance madubi da fitilu ka kai gida.