An ce ruwa ya taru a ƙwaƙwalwar ɗan da ke cikina

Mai tambaya: Salamu alaikum 'yan uwa. Tun Talata ban runtsa ba. Shekarata huɗu da aure, ɓari biyu, habaicin uwar miji babu irin wanda ban sha ba, sai bana Allah ya kawo rabo. Maigidan yana Illela wajen albasa, ban faɗa masa ba. Cikina sati 21. Na je wani ɗakin sikanin kusa da mu, mutumin ya daɗe yana murza abin a marata, ya yi tsit, sannan ya rubuta 11mm, wai ruwa ya ɗan taru a ƙwaƙwalwa. Don Allah yaron nan zai yi wayo?

Anti Nas: Ƙanwata, share hawaye. Kowane ɗa yana da ruwa cikin kogunan ƙwaƙwalwarsa, faɗin kogon ake aunawa. Ƙasa da 10mm daidai ne, 10 zuwa 12 kaɗan ne, sai ya haura 15 ake cewa ya yi tsanani. In ba a ga wata matsala tare da shi ba, galibi yaran suna tasowa lafiya lau. Kuma sikanin siffa yake gani, ba wayo ba. Ki tafi UDUTH, asibitin koyarwa na Sakkwato, a sake dubawa daga kai har ƙafa, a yi miki gwajin jini na cututtuka irin su CMV, ƙwayar cutar da kan iya shafar ɗan da ke ciki. Wa ya tura ki can ma?

Maman Biyu: Hmm, masu sikanin! Ni mace aka ce mini, na kashe kuɗi kan kayan mata, sai ga namiji.

Inna ta Mabera: 'Yata, yawan haska cikin nan ne ke kawo haka. A yi miki rubutu, ki bar wa Allah.

Anti Nas: Inna, da girmanki, sauti ne fa, ba hoton ƙashi ba. Ta sha rubutun, amma ta je.

Mai tambaya: Anti, ba wanda ya tura ni. Layin awo tun asuba ake kama shi, wa zan bar wa tsohuwa? Kuma wurin nan kowa a unguwarmu can yake zuwa.

Maman Biyu: Ki ninka folic acid kawai, ƙwayar nan da ake ba masu ciki.

Anti Nas: Kar ta ninka komai, babban aikinsa tun watan farko ne. Ki kira mijinki yau.

Mai tambaya: In ya ji, uwarsa ta ji. Bari dai ya dawo Juma'a.