Na rubuta labarin Gwaggo, yanzu ta daina amsa gaisuwata

Salama alaikum, iyaye da yayye. Ni ɗiyarku ce daga Birni, nan Damagaram. Nakan rubuta 'yan labaran ban dariya a Facebook kan abin da ke faruwa a gida da unguwa: jiran ruwan pampo da tsakar dare, rigima da 'yan garuwa, irin wannan dai. Makon jiya na rubuta yadda Gwaggona ta yi ciniki da ɗan kabu-kabu a kasuwar Dole. Ya ce dala 40, ta ce 30, ya ƙi, ta rantse da ƙafa za ta koma. Ta kuwa koma, da rana tsaka. Washegari ƙafa ta kumbura, aka sayo man shafawa na jaka guda. Ban faɗi sunanta ba, sai dai na ambaci haƙorinta na Makka da koriyar lemarta. Wani jikanta ya karanta mata. Ta kai ƙarata wajen Baba, yau kwana 6 in na gaishe ta sai ta kau da kai. In goge ne? In daina rubutun gaba ɗaya?

Wani mushe (malamin makaranta) mai ritaya, Zango:
Wa alaikumus salam, ɗiyata. Ba rubutun ne laifi ba, wurin da kika ajiye shi ne. Wasa a wajenmu yana da hanyoyinsa. Jika na tsokanar kaka, taubashi na tsokanar taubashi, Babarbare da Bafulatani su yi ta yi wa juna tsiya a kasuwa kowa na dariya. Wannan wasan dangi na Nijar har UNESCO ta sa shi cikin gadon al'adun duniya a 2014. To amma gwaggo ba ta cikin wannan layi. 'Yar'uwar mahaifinki ce, matsayin uba take. Abin da kika ɗauka barkwanci, a kunnenta habaici ne, kuma habaici a bainar jama'a. Da kakarki ce ta yi wannan tafiya, da yanzu ita ke neman a sake karanta mata. Ki sayi goro, ki sa wata babba a gaba, ki je ki durƙusa. Kada ki tsaya bayanin mene ne Facebook.

Wata mai ɗinki, Sabon Gari:
Ƙanwata, haƙorin Makka da koriyar lema, a Birni? Ai gara ma ki sa hotonta. Ɓoye suna kaɗai ba ya ɓoye mutum a unguwar da kowa ya san kazar kowa. Ki mayar da ita maƙwabciya, ki ɗauke lemar, ki canza kasuwar. Amma dala 10 da jaka guda kada ki taɓa su, nan dariyar take.

Wani daga fada:
Kafin a goge a turo mini, don Allah.

Wata malamar asibiti:
Ban yarda da a mayar da ita maƙwabciya ba. In kin ce labarin rayuwarki kike rubutawa, kuma kika fara sauya mutane yadda kika ga dama, ya koma ƙage, masu karatu kuma suna jin bambancin. Tambayata ɗaya: ke ina kike lokacin da ake wannan ciniki? Na karanta labarin, kin tsaya gefe kamar alƙali kina nuna ta da yatsa. Wanda ya fara yi wa kansa dariya, ba a cika jin haushinsa ba in ya juyo kan wasu. Kuma nan gaba, duk wanda ke cikin labari ki karanta masa da bakinki kafin ki saki. Inda fuskarsa ta canza, wurin za ki gyara. Sau da yawa ma shi zai ƙaro miki abin da kika manta, wanda ya fi naki daɗi.

Mai tambaya:
Anti, kin kama ni. Tare muke. Ni ce ɗauke da buhun gero a ka, kuma ni na zuga ta na ce kada ta yarda, 30 ake biya. Takalmina ya tsinke tun kafin mu kai fadar Sarki, na ƙarasa da ƙafa ɗaya a ƙasa. Duk na cire wannan don kada ƙawayena su gani.

Mushe:
To ga labarin nan kin ɓoye, kin ba mu ɓawonsa.

Mai tambaya, bayan kwana 2:
Na goge, na je da goro tare da Inna. Gwaggo ta yi faɗa har ta gaji. Da na karanta mata sabon, wanda ke da buhun gero da takalmi, ta rufe baki da gefen mayafi. Ta ce in saki, amma in gyara wuri guda: ɗan kabu-kabun 45 ya fara cewa, ita ta sauko da shi 40.