Neman shawara: an min tayin shugabantar masu duba 'yan mazan jiya a gidajensu

Assalamu alaikum 'yan uwa likitoci da nas-nas na nan Amurka, dan Allah shawara nake nema. Shekara shida kenan ina duba marasa lafiya da aka kwantar a wani asibiti mai zaman kansa a Ohio, kwana bakwai aiki kwana bakwai hutu, kuma wlh na gaji, ranar da nake duti yarana biyu suna barci nake fita suna barci nake dawowa. To yanzu asibitin VA, wato na ma'aikatar kula da tsofaffin sojoji, sun min tayin zama likitar da za ta jagoranci shirinsu na HBPC, wanda ake bin 'yan mazan jiya har gida ana duba su saboda zuwa asibiti ya fi ƙarfinsu. Babu kwanan asibiti, Litinin zuwa Juma'a. Amma abu uku ke damuna. Ina tsoron hannuna ya mutu a aikin likita. Na biyu an ce yawancin ziyarar nas-nas ne ke yi ni kuma in sa hannu, to ta yaya zan ɗau alhakin mutumin da ba kullum nake ganinsa ba? Na uku maigidana hankalinsa bai kwanta ba, mace baƙar fata da hijabi ta shiga gidan tsohon soja a ƙauye. Wanda ya san aikin ya faɗa min gaskiya komai ɗacinta.

Likitan Tsofaffi:
Wa alaikumus salam ƙanwata. Wannan kujerar nake kai shekara tara, bari in fara da na biyun don shi ne aikin gaba ɗayansa. Shirin ba sabo ba ne, tun farkon shekarun 1970 VA ke yinsa, kuma ba a gina shi a kan likita ɗaya mai yawo da jaka ba. Tawaga ce: manyan nas masu ikon rubuta magani, nas na ziyara, ma'aikaciyar walwala, mai kula da abinci, mai harhaɗa magunguna, mai gashin ƙashi da motsa jiki, da likitan halayyar ɗan adam. Ana zaman mitin a bi marasa lafiya ɗaya bayan ɗaya, kuma tsarin kulawar kowane mutum sai an sake bitarsa duk wata uku. A wannan teburin aikinki yake. Idan ke mai son komai ya bi ta hannunki ce za ki wahala, su ma su wahala. Sai kin koyi wace nas ce in ta ce "yau bai min kama da kansa ba" ki ajiye komai ki ɗau makullin mota.

Batun hannu ya mutu kuwa, wani abin zai dushe, ba zan ɓoye miki ba, aikin ɗakin masu rai kwakwai mutu kwakwai zai yi miki nisa. Amma abin da za ki gani a gida ba ki taɓa ganinsa a gadon asibiti ba. Akwai wani dattijo da ya yi yaƙin Biyetnam, sau huɗu ana kwantar da shi cikin shekara ɗaya saboda faɗuwa da ruɗewa, na je na ce wa matarsa ta kawo min duk maganin da ke gidan, ta juye leda a teburin kicin, kwalba goma sha tara, maganin hawan jini iri ɗaya har biyu da suna daban yana shan duka biyun, ga ƙwayar barci da yake saya da kansa ba wanda ya sani. Na buɗe firij, allurar insulin tana nan amma abinci babu sai madara da burodi. Mutum yana allura cikinsa wayam, ina suga ba zai faɗi ba? Mun yi wata biyu ni da mai magunguna muna ragewa a hankali har muka dawo tara, ma'aikaciyar walwala ta sa ana kawo masa abinci, mai gashin ƙashi ta naɗe dardumar da ke harɗe shi ta sa aka kafa ƙarfen riƙewa a banɗaki. Ba sabon magani ko ɗaya da na rubuta. Kuma ki shirya wa doguwar magana da iyali a kan abin da mutum yake so in rai ya zo gargara, a saka masa injin numfashi ko a bar shi a ɗakinsa. Wannan ba ya wakiltuwa, ke za ki zauna a kujerar falon ki yi.

Nas daga Minnesota:
Likita ni da hijabina nake shiga gidajen nan shekara biyar. Eh an taɓa samun wanda ya ce ba ya so na, mutum ɗaya, na fita salin alin aka canja masa wata. Sauran kuwa kaɗaici ya cinye su, wani shayi zai haɗa miki hannunsa na rawa don kar ki tafi da wuri. Ki gaya wa maigida akwai ƙa'ida, kafin a je ana waya a ce a ɗaure kare, a kulle bindiga, VA ma kyauta take raba kwaɗon kulle bindiga, ofis sun san inda kike, kuma in ranki bai kwanta da gida ba ku je ku biyu. Abin da ya fi ba ni tsoro gsky ba mutanen ba ne, mai shan sigari kusa da tukunyar oksijin ne, sai kuma tuƙi cikin ƙanƙara. Roƙona ɗaya a madadin nas-nas, in mun kira ki daga gidan mara lafiya ki ɗaga.

Bakatsine a Houston:
Ni dai ban ce ki yi tsalle ba. Ki yi lissafi tukuna don akasari albashin bai kai na inda kike ba, kuma in kin yi shekara biyar ba kya kwantar da mara lafiya komawa sai da jan aiki. Ta ɗaya ɓangaren, lasisin jiha ɗaya ya ishe ki aiki a VA ko'ina a ƙasar, in aka yi ƙara kan kuskuren aiki gwamnatin tarayya ake kaiwa kotu ba ke ba, ga fansho, sannan akwai shirin EDRP da ke taya biyan bashin karatu har dala 200,000 cikin shekara biyar, amma ba kowace kujera ke da shi ba, ki tambaya a rubuce. Yawanci sai ɗan ƙasa suke ɗauka. Kuma ki tambaye su marasa lafiya nawa ne a shirin, manyan nas nawa za ki sa wa ido, mil nawa ne iyakar yankin, wa ke amsa waya da daddare da ƙarshen mako. Tantancewar aikin gwamnati na ɗaukar watanni, kar ki ajiye na hannu sai takarda ta fito.

Maman Afnan:
Ni ba likita ba ce, matar ɗan wani da ke cikin shirin ce. Surukina tsohon soja ne yana da ciwon makyarkyata, wato Parkinson, wanda gwamnati ta amince yana cikin cututtukan da ke da alaƙa da gubar Agent Orange da aka fesa a Biyetnam. Kafin mu shiga shirin nan kai shi asibiti yini guda ne, wanka, keken guragu, ɗaga shi cikin mota ni da mijina. Likitar da ke jagorantarsu ba ta fi sau uku ta zo gidanmu ba amma ita ce ta fara kallona ta ce ke kina barci kuwa? Na fashe da kuka. Ita ta sa aka turo mai taya mu wanka da gyaran jikinsa. Dan Allah in zuciyarki ta karkata ki karɓa.

Hajiya Babba:
'Yata ki yi istihara, kuma ki zaunar da mijinki ki karanta masa abin da nas ɗin nan ta rubuta.

Mai tambaya:
Allah ya saka da alheri, Maman Afnan Allah ya ba Baba sauƙi. Takardar zama 'yar ƙasa ina da ita tun bara. Na rubuta tambayoyin Malam Bakatsine na tura musu, kuma na roƙi su bar ni in bi wata nas yini ɗaya kafin in ba da amsa, sun ce za su duba. Yaya Likitan Tsofaffi in ba damuwa zan kira ka ranar Asabar, ina so in ji yadda kake yi in ra'ayinka ya saɓa da na nas ɗin da ta ga mutumin da idonta kai ba ka gani ba.