In sayi ƙofa ko in fara yanke bango?

Sabon Hannu: Salamu alaikum. Ina haɗa ƙaramar tirelar kwana, irin mai siffar ɗigon hawaye da mota ke ja. Bangon filawud ne, kaurin inci 3/4. In fara huda gurbin ƙofa, ko in jira ƙofofin su iso? Mai sayarwa ya ce inci 26 a 36 ne.

Tsohon Kafinta: Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, kada zarto ya taɓa bangon nan sai ƙofa tana hannunka! Ni na bi awon takarda, ashe lanƙwasar kusurwar ta bambanta. Sai da na yi ciko, har gobe idan na kalli wurin raina ɓaci yake. Ɗora firam ɗin a kan kwali, ka zana siffarsa, ka yanke kwalin, sannan ka bi shi wajen yanke bangon. Ka kuma faɗa wa masu sayar da ƙofar kaurin bangonka da rufin ciki duka, in ba haka ba zoben ciki, wato firam ɗin da ke riƙe ƙofar ta cikin bango, ba zai kama ba.

Mai Yawo: Ƙofar dama daban, ta hagu daban. Hinji ya kasance ta gaban tirelar, don idan kana tafiya ko ka manta ba ka kulle ba iska za ta danne ta. Bakin ƙofar na ƙasa kuma ya tsaya kusan tsakiyar kaurin katifa, don kada ƙarfe ya riƙa cin cinyarka idan ka zauna.

Sabon Hannu: Na gode, Malam. Yoyo fa?

Tsohon Kafinta: Tef ɗin butil, wato roba mai danƙo mai hana ruwa shiga, a bayan firam, ka ɗaure sukurori a hankali har ya ɗan ɓullo, sannan ka kankare.