Mantuwa lokacin ɗaukewar al'ada: shawarwarin da mata suka bayar

Bayan an tashi daga Islamiyya a Tudun Wadan Gombe, hira ta kai mu kan mantuwar da ke damun mata idan al'ada ta fara ɗaukewa, galibi tsakanin shekara 45 da 55. Wata ta ce sau biyu take zuba gishiri a miyar kuka, wata kuma lissafin raka'o'i ke kwance mata.

Ma'aikaciyar jinya da ke cikinmu ta ce ba sammu ba ne. Sinadarin istirojin na jikin mace ne ke raguwa, ga zufar dare tana hana barci, kuma yawanci abin yana lafawa daga baya.

Barcin aka fi jaddadawa: wanka kafin kwanciya, kaya marasa nauyi, a bar goro da shayi bayan la'asar. A riƙa taka ƙasa kullum, ko da zagayen unguwa ne. Kuɗin adashe a rubuta a littafi, makulli ya samu ƙusarsa guda.

Ni dai shawarar zuwa asibiti a yi gwaji na fi riƙewa, domin ƙarancin jini da matsalar tayirod (wata gaɓa da ke gaban wuya) su ma suna kawo mantuwa, kuma suna da magani. Wadda ta fara ɓata hanyar gidanta kuwa, a kai ta asibiti, kada a jira.