"Sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba": lallashi ne ko habaici?

Ɗan Fagge: Assalamu alaikum 'yan uwa. Jiya da daddare saura ƙiris gidanmu ya hargitse a kan karin magana ɗaya. Ƙanena ya sake zana JAMB, jarrabawar shiga jami'a, karo na uku ke nan, makin bai kai na likitanci ba, shi kuma ya kafe sai likitanci. Baba yana ba shi baki ya ce, "Sannu ba ta hana zuwa." Sai Gwaggonmu daga bakin murhu ta ƙarasa, "sai dai a daɗe ba a je ba." Yaron ya ture kwanon tuwo ya fice, bai dawo ba sai da dare ya raba. Umma ta ce habaici ne. Gwaggo ta rantse ita cika maganar kawai ta yi, don ba a barin karin magana guntuwa. Har yanzu ba sa ga maciji. Abin ya dame ni ƙwarai, domin yaron nan yana ƙoƙari. Wa ke da gaskiya?

Bazazzagi: Wa alaikumus salam. Gwaggo ba ta yi laifi ba, haka maganar take. Ma'anarta dai za a je, komai daɗewa. Ku Kanawa ne komai sai kun yi gaggawa kamar za a rufe Kwari.

Maman Biyu: Malam Bazazzagi ka bar zancen nan. Mu mata mun san yadda ake jefa magana daga bakin murhu. Da lallashi take nufi da ta kira shi ɗakinta. A gaban mutane, yaro na cin abinci, ka ɗora masa wutsiyar magana? Wannan gugar zana ce, kowa ya sani.

Malamin Sakandare: Ni tambayata ɗaya ce. Tsakanin jarrabawar bara da ta bana, tafiya yake yi a hankali ko zaune yake yana jira? Ina ganin irinsu duk shekara. Sakamako ya fito, a yi kuka mako guda, a rufe littafi sai an fara sayar da fom kuma a tashi a firgice. Sakamakon JAMB na shekara ɗaya ne kawai, maki 400 ne gaba ɗaya, kuma likitanci kujerunsa kaɗan ne masu nema dubbai. Wanda yake zama da tambayoyin shekarun baya awa biyu kullum bayan asuba, shi ne mai sannu. Wanda ya ajiye littafi wata tara bai shiga cikin karin maganar ba ma. Sannan ku duba masa IJMB, karatun share fagen shiga jami'a na Jami'ar Ahmadu Bello, in ya ci yana iya shiga aji biyu kai tsaye.

Ɗan Fagge: Wallahi malam yana karatu. Fitilar wayarsa nake gani ta ƙasan ƙofa har ƙarfe biyun dare.

Baban Soro: To ko ya ci ma ai sai ya haɗu da wata sannun. A 2020 yajin aikin ƙungiyar malaman jami'a ta ASUU wata tara ya kwashe, a 2022 kuma daga Fabrairu har Oktoba. Su kuwa waɗancan da muka sani, a watannin nan suke ɗora hotunan 'ya'yansu da rigar kammala karatu a Ingila da Dubai, suna cewa Alhamdulillah. Na talaka ne ake ce wa sannu.

Bazazzagi: Ai a mazaɓarmu akwai ɗakin karatu da aka aza harsashinsa sau uku, duk lokacin zaɓe sai a zo da maroƙa a sake azawa. Yanzu awaki ne ke hadda a ciki.

Jikar Iya: Ku ba ni dama in ba ku labarin kakata, Allah Ya jiƙanta, sai ku yanke hukunci da kanku. Ƙuli-ƙuli da man gyaɗa take yi. An yi mata aure tana ƙarama, allonta bai wuce Sabbi ba, daga nan sai haihuwa da raino da surfe. Sai da mijinta ya rasu ta fita takaba, tana da shekara wajen sittin, ranar kasuwa ta aiki yaro ya sayo mata sabon allo. Kishiyarta ta ce, "Tsofai-tsofai da ke za ki zauna cikin yara?" Ta ce, "An ce gemu ba ya hana ilimi, balle ni da ko gemun ba ni da shi."

Idonta ya riga ya yi rauni, sai malamar unguwarmu ta riƙa rubuta mata layi uku kacal da manyan baƙaƙe. Layi ukun nan wani lokaci sai ta yi kwana biyar a kansu ba ta wanke ba. Tana jingina allon a jikin turmi, tana matsar tunkuza tana biyawa, har allon ya yi baƙi da mai, ƙudaje na binsa. In ta kakare a aya sai ta kira ni, ni kuwa lokacin ina aji huɗu a firamare, in gyara mata. Ba ta taɓa jin kunyar yarinya ta gyara mata ba, har ƙuli biyu take ba ni lada. Yaran da suka fara tare da ita suka yi sauka, aka yi musu zayyana, aka yanka musu rago, wasu suka yi aure suka haihu, ita tana nan da layinta uku. Damina ko rani, ranar da take zazzaɓi ma sai ta ce a miƙo mata allon ko kallonsa ta yi.

Ta rasu tana cikin Suratu Maryam, a izu na talatin in an ƙirgo daga ƙasa, rabi ke nan. Ba ta yi sauka ba. To ku gaya mini, ta je ko ba ta je ba?

Maman Biyu: Allahu Akbar. Kin sa ni hawaye. Allah Ya kai haske kabarinta.

Alaramma Ƙarami: Amin. Ta je mana, 'yar uwa. Ya tabbata a Bukhari da Muslim daga Nana A'isha cewa mai karanta Alƙur'ani yana fama da shi, yana masa wuya, lada biyu gare shi. Kuma aikin da Allah Ya fi so shi ne wanda aka dawwama a kansa ko da kaɗan ne.

Baban Soro: Alaramma wannan lissafin lahira ne, kuma mun yarda. Amma a ma'aunin karin maganar nan, Iya ita ce hujjar Gwaggo. An daɗe, ba a je ba. Sauka ta nufa, ba ta kai ba.

Jikar Iya: Wa ya ce maka sauka ta nufa? Ban taɓa jin ta ambaci sauka ba. Cewa take ba ta so ta tsaya gaban Ubangiji da ƙulhuwallahu kaɗai a bakinta.

'Yar Damagaram: Irin su Iya ba yau aka fara ba. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, ai tsofaffin mata ta riƙa naɗa wa malfa a matsayin jajis, su zo daga ƙauyuka su ɗauki karatu su koma su koyar da mata ɗalibai da ake kira 'Yan Taru. Mu nan Nijar ma akwai waɗanda jarrabawar kammala sakandare ta BAC ta kayar sau biyu sau uku, yau suna koyarwa. Amma ina ƙulin nan, Jikar Iya, akwai wanda ya gaji sana'ar? Tambaya ce ta gaske.

Jikar Iya: Ƙanwar babana tana yi, amma ba ya kai na Iya gardi.

Ɗan Mai Wurno: Gaisuwa daga Sudan. Mu wannan magana tarihin gidanmu ce. Bayan yaƙin Burmi da Turawa a 1903 jama'a da yawa suka yi gabas, har aka kafa garin Mai Wurno a bakin Shuɗin Nilu. Wasu kuma aikin hajji ya fito da su a ƙafa, ta Chadi. A tsaya a yi noma damina guda, a tsinci auduga a Jazira a tara guzuri, a ƙara gaba har Sawakin a haye zuwa Jidda. Wani ya yi shekara biyar a hanya, wani goma, wani ya yi aure ya haihu ya mutu bai ga Ka'aba ba. Kakan mahaifina yana cikin waɗanda ba su isa ba. Jikansa ne ya je ya yi masa. Don haka dattawanmu ba sa faɗin wutsiyar nan da wasa, sun san mutanen da ta faɗa a kansu.

Bazazzagi: To kun ji. Sai ƙanen Ɗan Fagge ya yi haƙuri, in bai zama likita ba jikansa zai zama.

Maman Biyu: Haba malam, ba a wasa da zuciyar yaro. Ni dai a ganina ku zaunar da shi ku tambaye shi, likitancin shi yake so ko Baba ne yake so a ce masa baban likita? Akwai haɗa magunguna, akwai aikin jinya, akwai gwaje-gwajen asibiti. In hanya ta toshe ai ba laifi ba ne a kewaya.

Malamin Sakandare: Ban yarda a karya masa gwiwa ba tun ba a ga inda yake faɗuwa ba. Ɗan Fagge, turo mini makinsa darasi-darasi. In kimiyyar sinadarai ce ke ja masa baya, wannan gyaruwa take cikin wata shida.

Baban Soro: Wata shida kuwa ya yi daidai, lokacin masu rabon fom ɗin JAMB kyauta da hotonsu a jiki sun fito. Fom dai za su saya maka, kuɗin makaranta kuma ka nemi ubanka.

Ɗan Fagge: Zan turo in sha Allahu, malam. Amma har yanzu ba ku gaya mini wa zan fara bai wa haƙuri ba, Umma ko Gwaggo.

'Yar Damagaram: Gwaggon ƙanwar Baba ce ko yayarsa? Don amsar ta danganta da wannan.